Ido Biyu a Kunci Guda

Daura gari ne da kowa ya san hancin kowa. Daga bakin rijiyar Kusugu har ka kama hanyar Zango, da wuya ka gamu da fuskar da wani ba zai iya lissafo maka iyayenta da kakanninta ba. Wannan ne tsautsayin da ya hau kan 'yan tsirarun matasanmu da suka tsinci salon kubizim a waya, suka aika Kano aka sayo musu fentin akirilik, suka ce su ma sai sun gwada. Ba su da yawa, amma duk unguwar da ta samu ɗaya ta samu abin hira har faɗuwar damina.

Salon a birnin Faris ya tsiro, tsakanin 1907 da 1908, a hannun Pablo Picasso ɗan ƙasar Sifen da abokinsa Bafaranshe Georges Braque. Hujjarsu ita ce mutum ba gefe ɗaya gare shi ba: kana hira da shi kana ganin gabansa, ya waiwaya ka ga kuncinsa, ya sunkuya ka ga tsakar kansa. Sai suka ce a tattaro duk wannan a zuba a allo guda. Goshi ya koma murabba'i, haɓa ta yi kusurwa uku, hanci na duban gabas mai hancin na duban kudu. A can abin ya zo musu da sauƙi, domin yawancin masu zuwa kallo ba su san matar da aka zana ba. A nan kuwa matar gwaggon wani ce.

Mafi yawan masu wannan zane 'yan gudun hijira ne, kuma hanci ne ya koro su. Irin yaron nan ne da tun yana firamare yake cika bayan littafin lissafi da zane. Ya iya rawani, ya iya gemu, ya iya fitar da aska takwas a wuyan riga har ka ji sha'awar sa hannu, amma da ya iso tsakiyar fuska sai hannu ya ci amanarsa. Ya yi shekaru yana haɗiye tambayar nan mai zafi, “To wannan kuma wane ne?” Ranar da ya ga aikin Picasso sai ya gane ashe duk tsawon lokacin nan ba kuskure yake yi ba, salo ne, ba a dai sanar da shi da wuri ba. Yanzu in ka ce, “Malam, ai kunnen nan ya sauko wuya,” sai ya dube ka da tausayi ya ce da gangan ne. Abin da ba ya son a tayar shi ne, mahaifin Picasso malamin zane ne, kuma kafin Picasso ya cika shekara 16 yana zana mutum sak, da hancinsa a mazauninsa. Sai da ya ƙoshi da daidai sannan ya fara karkatarwa.

Akwai kuma mai lacca, wanda ya taɓa zama a Zariya, ko dai yayansa ya taɓa. Teburin mai shayi ne ajinsa. Zai ba ka labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi bin Turawa ido rufe a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ya tsallaka Faris, ya kai ka gidan tarihin Trocadéro inda Picasso ya shiga a 1907 ya ga sassaƙen fuskokin Afirka. “Kayanmu suka ɗauka,” in ji shi, yana buga tebur har shayin wani ya zube, “mu karɓowa kawai muke yi.” Maganarsa da ƙanshin gaskiya, sai dai fuskokin na mutanen kurmi ne, can wajen Gabon da Kwaddibuwa, ba a Sandamu aka sassaƙa su ba. Allon da ya saya bara yana nan jingine a zaure, fari tas. Ya ce tunanin aikin bai gama nuna ba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai ladabi, kuma laifin na fenti ne. Akirilik launi ne da aka kwaɓa cikin ruwan roba. Da ruwa ake tsinka shi, amma da zarar ruwan ya tashi, robar ta kama, ko da soso ka bi shi ba zai motsa ba. Sai a shekarun 1950 ya shigo kasuwa sosai. Su Picasso da fentin mai suka yi kubizim ɗinsu, wanda kan kwana yana jiran mai shi. Wannan kuwa ba ya jiran kowa, balle a watan Janairu in iskar hunturu ta taso daga wajen Kongolam. To shi mai ladabi a ƙofar gida yake aiki saboda haske. Ya matso shuɗi, ya matso fari, yana shirin gauraya su a kuncin hoton ke nan, sai ga dattijon unguwa. Dole a ajiye burushi a durƙusa.

“Ina kwana, Baba.”

“Lafiya lau, ɗan nan. Ina gajiya? Ya sanyi? Ya mutanen gidan? Ya jikin tsohuwa?”

Kafin a kai ga madalla, fentin ya daskare kamar tuwon jiya, burushi ya zama tsinke, ƙura ta sauka a goshin hoton ta yi zamanta. Shi ya sa ba ka ganin launi ya narke cikin ɗan'uwansa a aikinsa, kowane yanki da iyakarsa mai kaifi. Mai lacca ya zo ya duba ya ce wannan shi ne kubizim na asali. Ni kuwa in na ƙirga layukan, sai in san mutum nawa suka bi ta layin da safen nan.

Tsohon hannu a harkar, mai rubuta allon shago, da farko dariya ya yi. Shi ne ya zana kawunan da ke jikin shagon aski, da kazar mai gashi, da zakin da ke bayan tirela. Ya ce ido biyu a kunci guda ai ko yaron shagonsa in ya ji barci yana yi. Sai wani ya gaya masa cewa a 2015 an yi gwanjon zanen Picasso guda ɗaya a New York a kan dala miliyan 179. Ya nemi a maimaita. Tun daga ranar yake fama, amma hannun da ya shekara talatin yana bin rula ya ƙi karkacewa, duk abin da ya zana sai ya fito a tsare, a daidaice, har wani magini ya tambaye shi inda ake sayar da irin wannan tayil.

Ga kuma mai neman mafita. Ya tashi yana jin gargaɗin malamai kan zanen abu mai rai, zuciyarsa kuma ta ƙi rabuwa da burushi. Da ya ga kubizim sai ya ɗauki aikinsa ya nufi zauren malaminsa. “Allah gafarta Malam, wannan ya shiga cikin hanin?” Malam ya gyara tabarau, ya juya allon sama, ya juya shi ƙasa, ya ce a fara gaya masa mene ne tukuna. Ɗalibi ya fito yana murna, a ganinsa an ba shi amsa.

Mai wayon cikinsu kuwa ya san inda zai taka. Ba za ka taɓa ganin ya kai wannan salo kan Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ba, wanda ke kan gadon tun 2007. In zanen Sarki ne, rawani na zaune daram, kunnuwansa biyu a sama inda aka san su. Haka marigayi Muhammadu Buhari, da aka binne a garin nan a watan Yulin 2025: ka kuskura ka matsar da wushiryar nan ko da faɗin tsinke ne, 'yan acaɓa ma sai sun tsaya sun gyara maka. Saboda haka ya koma kan Bayajidda da Daurama da macijin rijiya. Jikokin Bayajidda sun cika Hausa Bakwai, amma babu mai hoton fasfo ɗinsa a aljihu. Ya ba shi ido uku, ya raba takobin gida huɗu, ya jira baƙin Sallar Gani.

In ana maganar iyawa, a wajena mai lalle ce gaba da su duka. Ba ta san Braque ba, ba ta kuma nemi sani ba. Hannunta ya saba da raba tafin amarya gida-gida, idonta ya tashi yana ganin dagi a goshin soro da zanen faifai da ɗinkin hula, abin da maginanmu da maɗinka suka daɗe suna yi, sai dai su sun yi hankali ba su ɗora a fuskar kowa ba. Ita in ta wargaza fuska, sai ka gane mai ita daga yadda ɗankwali ya karkata, ko yadda leɓe ya tattaru in za a yi faɗa. Aikinta a ƙarƙashin gado yake kwana, tun ranar da uwar mijinta ta ga kanta a yanke gida shida, ta naɗe allon a zane ta kai wa malami a karya abin.

Masu sayen ma iri-iri ne. Akwai angon da ya kai wa amarya zanenta a matsayin kyauta, aka kwana biyu ana ba shi abinci ba magana. Akwai kuma Alhajin da ke harkar shanu a kasuwar Mai'adua, wanda ɗansa ya lallaɓa ya ba da aiki. Ranar karɓa ya zagaya allon, ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ja da baya, ya matso.

“Yaro, wannan ɓangaren na dama ni ne, na yarda.”

“To madalla, Alhaji.”

“Na hagun kuwa ƙanena ne, ga haɓar nan.”

Ya ƙirga rabin kuɗin ya miƙa, ya ce a je wajen ƙanen a karɓi sauran.