Motar da na zaɓa a Winston-Salem

"Kawu, gobe Asabar za mu je kallon tseren motoci," in ji ɗan ƙanwata da na sauka wurinsa a Greensboro, garin da 'yan Nijar suka yi yawa a jihar North Carolina ta Amurka. Ni kuwa fita taro ba a yi mini ita da wasa. Na ciro farar shaddata mai aiki, na karya hula, na fesa turare. Yaron ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe baki, ya tuna tarbiyya, ya rufe.

Wurin yana Winston-Salem, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Sunansa Bowman Gray. Filin ƙwallo ne da aka gina a 1937, kwalta ta zagaye shi, kuma tun 1949 ake tsere a kanta ranar Asabar da dare idan lokacin zafi ya shigo. Zagayen gaba ɗaya mita 400 ne kacal, amma wurin zaman yana cin mutum 17,000, kuma gida-gida ake zuwa, daga kaka har jariri.

A bakin ƙofa yaron ya miƙo mini wasu 'yan abubuwa biyu masu laushi, ruwan lemo. Na yi masa addu'a, na jefa ɗaya a baki. Ba zaƙi, ba ɗaci, kuma ya ƙi narkewa.

"Kawu, na kunne ne!"

Haka na shiga da abin toshe kunne guda ɗaya, kunnuwa kuwa biyu Allah ya ba ni.

Motocin suka jeru biyu-biyu, gajeru, tayoyinsu faɗi-faɗi a waje, ba fitila ba ƙofa, ta taga direba yake zurawa. A gabansu akwai wata tsaf-tsaf mai fitila tana walƙiya a kai. Mai hankali ai na gaba yake bi. Na miƙe, na tattara hannun riga, na shiga yi mata kirari. Zagaye ɗaya, zagaye biyu, ba wadda ta ko yi yunƙurin wuce ta. Ina cikin jinjina sai ta saki hanya ta yi gefe abinta, wani ya kaɗa koriyar tuta, duniya ta tsage. Ƙarar ba ta kunne take shiga ba, ta haƙarƙari take bi. Ashe tawa 'yar rakiya ce, aikinta ta riƙe su a hankali kafin a sake su.

Kusa da ni wata tsohuwar Baturiya ce da jikarta a cinya, tana ba ta gugguru ɗaya-ɗaya, fuska fal annuri. Da wata mota ta zunguri wadda take so ta baya, sai baiwar Allah ta zabura tana nuna direban da yatsa tana zazzaga masa abin da na gode wa Allah da ban ji ba. Lemon kwalbar da ke hannunta ya sauka a kan aikin shaddata. Ta ba ni haƙuri da baki, idonta na kan kwalta.

Zungurin nan shi ne wasan. Hanyar matsattsiya ce, ba ta da gangara a kwana, don haka wanda yake son ya wuce sai ya ɗan ture na gabansa. Wanda aka ture kuma ba ya mantuwa, mako mai zuwa zai rama, in bai samu dama ba ɗansa zai gaje shi. Dambe ne da mota, kowane ɓangare da gwaninsa, kuma mutanen garin da bakinsu suke kiran wurin gidan mahaukata, cikin alfahari. Yaron ya sunkuyo yana gaya mini cewa a nan direba Richard Petty ya ci nasararsa ta 100 a 1969, kuma a 2025 manyan direbobin gasar NASCAR sun dawo nan Chase Elliott ya cinye. A kunnen da na toshe ya faɗa, sai a hanya ya maimaita.

Can wasu biyu suka sarƙe suka juya a kan ciyawa, aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Sai ga mai walƙiya ta fito ta sake shiga gabansu. Na san ko wace ce yanzu, amma zuciya ba ta da ƙashi. Na miƙe ni kaɗai cikin dubban mutane: "Ga ta nan! Ta dawo!" Jikar tsohuwar ce kawai ta taya ni tafi.

Da muka isa gida na kira uwargida don in ba ta labari. Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Alhaji, faɗa muke yi ne?" Yaron ne ya gaya mini abin da ta ce, a rubuce.