Gidan Hayar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Kura ce ta gaji wani tsohon gidan ƙasa a bayan gari, mai ɗaki shida. Ita ba ta kwana a cikinsa, tana can gidanta na siminti a kan tudu. Sai ta kira Gizo ta ce ya samo mata 'yan haya, la'adarsa na nan.

Gizo ya zagaya gidan. Bangon gabas ya tsage har tushe, indararo ya karye, rabon soron da yaɓe an manta. Ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe tsagar, ya tafi kasuwa yana shela. Zomo ɗan dako ya zo da iyalinsa, Bushiya mai ƙosai ta zo da marayunta uku. Kowa ya biya dami goma na gero, kuɗin shekara, tun kafin ya shimfiɗa tabarma. Kada ku ce ba su ga halin gidan ba. Sun gani, amma a kan tudu dami talatin ake nema, ina talaka zai samo?

Da bazara ta kama, wata rana da dare Gara ta leƙo daga rufi ta ce, "Bushiya, ina jin kunyarki. Azarar nan mun cinye cikinta, ɓawo ne kawai ya rage. Ki kwashe 'ya'yanki."

Da safe Bushiya da Zomo suka je gaban Kura suka durƙusa. "Ranki ya daɗe, a taimaka a gyara kafin ruwa ya sauka."

Kura ta ce, "Sai bayan damina. Wanda ba zai iya jira ba, ga hanya, amma gero ba ya dawowa."

Suka koma, suka tokare rufin da gungume, suka jera kwanuka a inda yake yoyo. Marka ta zo, aka kwana uku ana yi. A dare na huɗu bangon gabas ya zauna, rufi ya biyo shi. Aka tono Zomo da karyayyiyar ƙafa. Autar Bushiya kuwa ba a same ta da rai ba.

Kura ta zo gaisuwa da babban mayafi tana cewa, "Ƙaddara ce, Allah ya kawo. Wa ya isa ya tare ruwa?"

Bushiya ta kai ƙara gaban Zaki. Kura ta rantse gidanta lafiya lau yake, Gizo ya ce shi shaida ne. Sai Dila malamin daji ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai abin da sauƙi. Ɗaki biyu sun rage, ga hadari ya haɗo. Tun da gidan lafiya yake, Kura da Gizo su kwana a ciki yau."

Kura ta zabura. "Ni? A ɗakin da ba zai kai asuba ba?"

Fada ta yi tsit. Zaki ya ce, "Ashe kin sani."

Nan take ya yanke hukunci. Kura ta biya diyyar yarinya, ta yi jinyar Zomo, ta mayar wa kowa geronsa. Gizo ya amayar da la'adar da ya ci. A rushe gidan a sake gini da sabuwar azara, kuma kada wanda ya shiga sai Kura ta yi damina guda a cikinsa ita da 'ya'yanta.

Ƙurunƙus kan kusu.