Yadda na kai ƙarar harafin Ɗ

Ni ne magatakardan bankin hatsi na unguwarmu a Kanan-Bakashe, muƙamin da ba albashi sai yawan gaisuwa. Da wani ɗan'uwa ya dawo daga Maraɗi ya sa mini manhajar lissafi ta kyauta, irin wadda 'yan sa-kai ke rubutawa kuma kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, sai na jefa kundin rajista ƙarƙashin gado, na fara tafiya da kwamfuta a hammata.

Ranar rabon gero na ce manhaja ta jera sunaye daga A. Ta jera. Amma duk mai suna da Ɗ ko Ƙ ta tura shi bayan Z, domin a lambobin Unicode haruffanmu masu lanƙwasa can baya suke zaune. Su Ɗanjuma, Ɗanladi, Ɗantani, rabin gari ke nan, suka sha rana har la'asar. Surukina yana cikinsu. "Malam," ya ce, "ashe boko ma ya san zumunci, ya dai ƙi namu."

Da dare na hau tudun da rezo ke kamawa na rubuta wa masu manhajar ƙara. Sakin layi uku na gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Turai. Sannan jimla ɗaya: abinku ya lalace, a gyara yau. Wajen zaɓen girman matsala na danna na ƙoli. Hujjata hoton allon kwamfuta ce da na ɗauka da waya, ba a ganin komai ciki sai hulata da hasken cocila.

Masu wannan aiki suna da ma'auninsu. Debian tana da matakai 7, daga matsalar da ke rushe komai zuwa buri kawai. Mozilla kuwa P1 zuwa P5 take jerawa. Tambayoyinsu ba su canzawa: bayanai sun ɓace? An samu ƙofar da ɓarawo zai shiga? Mutum nawa abin ya shafa? Za mu iya maimaita shi a kan tamu na'urar? Fushin suruki ba ya cikin fom ɗin, na duba.

Wata baiwar Allah ta amsa cikin ladabi, ta nemi lambar sigar manhajar da fayil na gwaji, ta sauko da ƙarata zuwa "ƙaramar matsala". Ta ƙara da cewa idan mutane da yawa suka koka, za ta hau sama.

Mutane da yawa? Wannan ai fagena ne. Na tara matasa wajen mai cajin waya, na sayi shayi, kowa ya buɗe asusu ya kwafi wasiƙata har da gaisuwar. Kafin gari ya waye an haɗe wasiƙun duka an rufe, wai maimaici ne, ni kuma aka aiko mini da ƙa'idojin ɗa'a in karanta.

Yanzu Ɗanjuma sunansa A-Ɗanjuma a rajista. Shi ke fara karɓa, kuma su Abdu sun kai ni gaban mai gari.