Allah Ya Ja Zamanin Agogon Laburare

A Ingila akwai wani alƙali da ba ya karɓar toshiya, bai san ɗan wane ba, kuma ba a taɓa ganin ya makara ba. Mazauninsa kusurwar allon kwamfutocin da aka jera a ɗakunan karatu na jama'a, ɗan akwati ne mai lambobi da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ka shigar da lambar katinka, sai ya yanka maka awa ɗaya, wani garin biyu. Idan saura 'yan mintuna ya leƙo ya sanar da kai cikin ladabi. Lokaci na cika ya rufe, ya kuma share duk abin da ka rubuta ba ka adana ba, don kare sirrinka. Wane ma'aikacin gwamnati ne ya damu da mutuncin talaka har haka? An daɗe ana tauye wa wannan bawan Allah yabonsa.

Asalin matsalar da ya zo warwarewa, alheri ne da ya yi yawa. A zamanin Tony Blair aka ɗebi fam miliyan 100 daga kuɗin cacar ƙasa aka kafa shirin People's Network, kuma zuwa ƙarshen 2002 an zuba kwamfutoci fiye da 30,000 a ɗakunan karatu fiye da 4,000. Kowa ya zo ya hau intanet. To, ai wannan haɗari ne. Mutum marar aikin yi, gidansa ba ɗumi a watan Janairu, ya samu kujera da wuta da kwamfuta, me zai tashe shi? Sai ya saba. Kuma babu abin da ke lalata talaka kamar ya saba da abin da aka saya da kuɗin tikitin cacarsa.

Babban abin da ya fi burge ni da agogon nan shi ne adalci. Ga lauya da ke da intanet a gida da ofis da aljihu, injin buga takardunsa ne kawai ya lalace, ya shigo ya buga shafi biyu. An ba shi awa ɗaya, ya yi amfani da minti biyar ya bar sauran sadaka. Ga kuma dattijuwa da ta yi shekara talatin tana shara a asibiti, da yatsa ɗaya take neman haruffa, ta manta kalmar sirrin imel ɗinta, an tura mata sabuwa zuwa wayar da ba caji. Ita ma awa ɗaya, babu ragi ko na daƙiƙa. Wanda ya ce an nuna bambanci a nan, ya zo da shaida.

Sai ga gwamnati ta ƙara wa agogon daraja. A 2013 aka fara tsarin tallafi na Universal Credit, wanda minista Iain Duncan Smith ya tsaya masa, kuma aka gina shi a kan cewa ta intanet ake nema, ta intanet ake karɓar saƙon jami'i, ta intanet ake ba da rahoton ƙoƙarin da aka yi. Mai neman aiki da ke da lafiya kan sa hannu a alƙawarin kashe har awa 35 a mako yana nema, idan ya gaza a rage masa kuɗi. Wanda ba shi da kwamfuta a gida kuwa, shawarar da ake ba shi ba ta canzawa: je laburare. Yanzu a yi lissafi. Laburaren da ke buɗewa kwana shida yana ba da awa biyu, awa 12 ke nan. Masu ƙorafi na cewa lissafin bai haɗu ba. Su ne ba su gane hikimar ba. Ofishi ɗaya ya ce 35, ɗaya ya ce 12, ragowar 23 an bar wa mutum ne don ya motsa jini, ya zaga gari, ya koyi dogaro da kai. Likitocin Ingila ai sun daɗe suna kuka da yawan zama.

Ken Loach, wanda kowa ya san bai iya godiya ba, ya yi fim a 2016 mai suna I, Daniel Blake, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Cannes. Daniel Blake kafinta ne a Newcastle, ciwon zuciya ya hana shi aiki, bai taɓa amfani da kwamfuta ba. Ya je laburare cika fom, aka ce ya tura linzami sama, ya ɗaga shi ya manna a jikin allo. Da taimakon na kusa da shi ya ɗan ci gaba, amma bai kai ga aika fom ɗin ba. Mutane sun yi ta hawaye a silima. Ni kuwa abin da na gani shi ne tsari yana aiki yadda aka gina shi: mutum ya zauna, ya gwada, ya tashi, na baya ya samu wuri. Duk wanda ya taɓa sayen tikitin minti talatin a kafe don cika fom ɗin JAMB ya san bugun zuciyar nan. Sai dai mai kafe ɗan kasuwa ne mai rauni, ka miƙa masa kuɗi ya ƙara maka. Agogon laburare ya fi ƙarfin wannan, ko da yake, a faɗi gaskiya, wasu ƙananan hukumomi sun koya masa karɓar kuɗi bayan awar farko. Dokar laburare ta 1964 ta wajabta musu ba da aron littafi kyauta, amma waɗanda suka rubuta ta ba su san intanet ba, kuma ba laifin kansila ba ne idan magabata ba su yi duba ba.

Aikin da ya fi kowanne girma, wanda ya kamata a ba agogon nan sarauta saboda shi, shi ne zaman lafiyar da yake samar wa shugabanni. Daga 2010, lokacin da ministan kuɗi George Osborne ya fara tsuke bakin aljihu, zuwa 2019, an rufe ɗakunan karatu 773 a Birtaniya, kamar yadda ƙididdigar ƙungiyar CIPFA ta nuna. Ma'aikata masu albashi sun ragu daga kusan 24,000 zuwa kusan 15,300. Da babu agogo, masu jira za su tsaya su yi ta kallon kujeru, kuma wata rana wani zai ƙirga su, ya tambaya me ya sa ba su wuce yatsun hannu ba, ina reshen unguwarsu ya shiga, wa ya sa hannu. Da agogo kuwa, tambayar ta koma wata. Me ya sa yaron can yake wasan ƙwallo a allo alhali ni ina da takardar kotu? Wancan mutumin ba ɗazu ya tashi ba, da katin wa ya sake shiga? Talaka ya samu abokin faɗa daidai ƙarfinsa, a kujerar da ke gabansa, ba sai ya kashe kuɗin mota zuwa zauren majalisa ba. Giwa ta tattake gona, an taru ana tuhumar fara.

Kada kuma a manta da darasin tarihi. A 1850 aka ba Karl Marx izinin shiga ɗakin karatu na British Museum, aka ƙyale shi yana wuni shekara da shekaru, ba mai taɓa kafaɗarsa. A 1867 ya fito da juzu'in farko na Das Kapital, kuma kowa ya ga inda abin ya kai duniya. Da awa ɗaya aka riƙa ba shi, da har ya mutu yana gabatarwa.

Abin takaici, akwai masu yi wa tsarin zagon ƙasa, kuma daga cikin gida suke. Ma'aikatan laburare ne. Za ka ga mace ta baro teburinta, ta duba ta ga mutum ya kai shafin ƙarshe hannunsa na rawa, ta koma ta danna wani abu, minti talatin ya ƙaru. Wata har ta ja kujera ta zauna ta nuna masa inda ake adana aiki, ta karanta masa tambayar da bai gane ba. Ba a ɗauke su aiki don cika fom ɗin tallafi ba, amma sun ƙi ji. Irin wannan son zuciya ne ke rusa doka. Alhamdu lillahi an fara shawo kan lamarin. Wasu ƙananan hukumomi sun miƙa rassansu ga 'yan sa-kai, waɗanda sau da yawa ba su san maɓallin ƙarin ba. Wasu sun fi haka hangen nesa, suna buɗe laburare a sa'o'in da babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki, da kati ake buɗe ƙofa, kyamara ke gadi. Idan mutum na da uzuri, sai ya ɗaga kai ya faɗa wa kyamarar.