Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shingen Bini-da-zugu Na Ƙofar Gida

Zuwa ga Mai Girma Shinge,

Bini-da-zugu baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, 'yan kasuwar Fotugal ne suka tsallako da shi Afirka. An karɓe shi hannu bibbiyu saboda dalilai uku: akuya ba ta cin sa, yana jure fari, kuma reshensa kawai ake cakawa a ƙasa ya kama. A kan wannan sharaɗi aka ɗauki Mai Girma aikin gadi, wato ya tsaya iya ƙugu ya tare dabbobi.

Sai dai bincike ya nuna ya wuce gona da iri. Wanda aka bari ba aski yakan kai mita biyar. A yanzu rassansa sun rufe taga, sun leƙa titi, suna cire wa masu wucewa hula, wasu har sun fara gaisawa da wayar lantarki. Ganyen da yake zubarwa da hunturu ya toshe kwata. Da damina sauro na yini a duhuwarsa, maciji kuma ya samu masauki kyauta. Mafi muni, ƙasansa ya zama sanduna tsirara, akuyar da aka ɗauke shi domin ta tana shiga ta ƙarƙashi ba ko sallama.

Musabbabin wannan tsiraici sananne ne. Tohon da ke kan kowane reshe yana danne idanun da ke ƙasa da shi, ya hana su fitowa, sai tsiro ya yi ta miƙewa sama. Idan saman ya cika, inuwarsa ta hana ƙasa rana, ganyen ƙasa ya kaɗe. Shingen da aka dasa da reshe kuma ba shi da doguwar saiwa irin ta wanda ya tsiro daga iri, don haka in kansa ya yi nauyi, iskar farkon damina na iya kwantar da shi.

Saboda haka aka yanke hukunci kamar haka. Za a yi babban aski a ƙarshen rani, lokacin da ganye ya zube, kafin ruwan farko. Za a fara da busassun rassa da masu gugar juna, sannan a datse sauran zuwa tsayin gwiwa. Sirara almakashi zai ji da su, masu kauri kuma zarto, domin dakusasshiyar adda tsaga itace take yi, ruɓa ta shiga ta nan. Kowane yanka zai zama a karkace, ɗan sama da ido, don kada ruwa ya kwanta a kai. Mai askin zai sa safar hannu da tsohuwar riga, saboda ruwan jikin Mai Girma yana barin tabon da ke gagarar sabulu, kuma ba a so ya shiga ido. Rassan da suka kai wayar lantarki aikin ma'aikatan wuta ne.

Idan toho ya fito da damina, za a riƙa tsinke kansa don ya yi rassa ta gefe. Za a bar gindi ya fi sama faɗi, kamar dalar gyaɗa, domin rana ta isa ƙasa. Rassan da aka yanke, masu tsawon kamu ɗaya, za a cike giɓi da su.

Akwai batun 'ya'ya. Kowane ƙwanso yakan ɗauki baƙaƙen ƙwayoyi uku masu daɗin baki da dafi, yara kan ci su yi ta amai da gudawa. Za a riƙa tsinke su tun suna kore. An san cewa wajen 2008 duniya ta yi ta zuzuta man ƙwayar a matsayin madadin man dizal, amma wannan tsohon suna bai ba kowa lasisin tare ƙofa ba.

Maƙwabcinsa, itacen lalle, shi ma ya shirya: nasa askin kashi ɗaya bisa uku ne a kowace shekara, ganyen kuma matan gida sun riga sun yi kamu.

Wassalam,
Masu gida, ta hannun Almakashi da Zarto.