Tawada Ta Fi Zare Tsada

Masu tara tsofaffin kayan soja a Ingila ba sa yaba jakar harsashi daga waje. Kana miƙa musu, sai su ɗaga marfi su leƙa ciki, kamar dillali na duba haƙoran doki. Hatimi suke nema.

A ɗamarar sojan Ingila samfurin 1937, wadda aka saƙa da zaren auduga mai kauri, za ka ga wata 'yar kibiya a cikin marfin jakar, shaidar cewa kayan gwamnati ne. Kusa da ita akwai shekarar ƙira da haruffan kamfani: M.E.Co. na nufin Mills Equipment Company. In kibiyar na zaune cikin harafin C, to daga Kanada ta fito. Irin wannan ɗamarar ce sojojin Afirka ta Yamma suka sha ɗaurawa a yaƙin duniya na biyu.

Shi dai sojan da ya yi fama da ita, hatimi bai dame shi ba, saje ne damuwarsa. Kullum yana cikin lafta mata Blanco, wato abin shafawa na gyara launinta, don ya tsira daga horo. Yau ga wani bawan Allah ya raba dare da buroshin haƙori yana kankare wannan wahalar, ko haruffa biyu za su bayyana.

'Yan damfara kuwa tuni suka sassaƙa nasu hatimin. Shi ya sa in rubutu ya fito raɗau bayan shekara tamanin, mai saye kan yamutsa fuska ya ajiye. Wanda ya koɗe har ba ya karantuwa, shi ake rububi.