Kwalekwale a Ƙasar Citta

Masu cewa a kwashi iyali a kwalekwale, a yi kwanaki ana bin kogi a tsakanin gonaki kamar yadda Turawa ke yi a kogin Dordogne na Faransa, ba su yi shawara da ruwan Kafanchan ba. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro bai san sannu-sannu ba. Da damina gudu yake yi, da rani kuwa sai dai maigida ya ɗora kwalekwalen a ka, yara na biye da filafili. Ga kuma Matsirga, inda kogin ke faɗowa kusan mita 30 ba tare da ya tambayi wa ya ɗauko ba.

Wani zai ce, to a shiga daga ƙasan Matsirgar mana. An ji. Amma can ma gaisuwa na jira. Ba a wuce mai noman citta ba a ce masa sannu da aiki ba, shi kuwa zai tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya kawo dafaffiyar masara, sannan ya nemi ganin kifin da aka kama. Idan aka ce masa ai hutu ake yi, sai ya miƙo fartanya.